Medine: Kagarar da Cikar Kogi ta Ceta

Duk wanda ya ce maka ya san zafi, tambaye shi ko ya taɓa kwana a Kayes cikin bazara. Garin yana can ƙuryar yammacin Mali, a cikin kwari, tuddai masu jan dutse sun kewaye shi, su sha rana tun hantsi su riƙa sakinta har tsakar dare. A farkon Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a nan. Da gangan na zaɓi wannan lokaci, domin abin da ya kawo ni a bazara ya faru, kuma ba a gane shi sosai sai kogi ya janye.

Daga Bamako tafiyar ta kai kimanin kilomita 600, ta Kati da Kolokani da Diema. Itatuwa suna raguwa, kuka tana yawaita, tireloli da tankokin mai suna tahowa jere daga tashar jiragen ruwan Dakar. Mali ba ta da teku, don haka kaso mai yawa na abin da ake saye a kasuwannin Bamako ta wannan titi yake shigowa. Iyakar Senegal tana Diboli, a bakin kogin Faleme, ƙasa da kilomita 100 daga Kayes, ta Muritaniya kuma tana arewa. A cikin gari tsofaffin gine-ginen Faransawa masu faɗin baranda suna tsaye kusa da tashar jirgin ƙasa, can gefe kuma ga sababbin benaye da 'yan ci-ranin Soninke suka gina da guminsu na Faransa. A kasuwa kunne yana jin Bambaranci da Fillanci da harsunan Soninke da Kasonke a rumfa guda.

Medine tana kimanin kilomita 12 daga Kayes, idan ka bi gaɓar kogin Senegal ka nufi inda ruwa yake fitowa. Yau ƙauye ce. Awaki suna kiwo a cikin kangayen da a da kantunan fatake ne, mata suna wanki a kan duwatsun bakin ruwa. Kagarar tana kan ɗan tudu, an gina ta da dutse, tana kallon kogi. Na tsaya a ƙofarta ina mamakin ƙanƙantarta. Harabar sakandaren kwana a ƙasarmu ta fi ta faɗi. Amma kafin mu shiga, dattijon da yake zagayawa da baƙi ya ba da shawara mu fara zuwa Felu, ya ce wanda bai ga duwatsun ba ba zai san abin da ya sa aka yi ginin a nan ba.

Gaskiyarsa. 'Yar tafiya kaɗan sama da ƙauyen, wani shimfiɗeɗɗen dutse ya gitta kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, ruwa yana zubowa ta tsagoginsa, ya rarake shi ramuka-ramuka. Yanzu akwai tashar lantarki a wurin, wadda aka buɗe a 2013 ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen da suke raba ruwan kogin, kuma madatsar Manantali da ke can sama ta sa ruwan ba ya ƙafewa kamar da. Duk da haka ido yana ganin abin da Bafaranshen ƙarni na 19 ya gani. Jirgin da ya taso daga Saint-Louis a bakin teku, komai ƙarfin injinsa, nan ne ƙarshen tafiyarsa. Ko nan ɗin ma ba ya isowa sai damina ta cika kogi, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Sauran watannin shekara, wanda yake Medine ba shi da kowa sai Allah da abin da ya tara a rumbu.

Babban abin da yake kawo Faransawa kogin nan a ƙarni na 19 ƙaro ne. Masana'antun yadi na Turai suna buƙatarsa, fataken Saint-Louis kuma suna hawowa da shuɗin yadi na Indiya su musanya. Da Louis Faidherbe ya zama gwamnan Senegal a 1854, sai ya ƙuduri aniyar daina biyan sarakunan bakin kogi kuɗin fito, ya jera kagarai a kan ruwa. Akwai Bakel tun da daɗewa, an gina ta Podor a 1854. A watan Satumban 1855 ya hawo da jirage da sojoji da magina har Medine, babban birnin sarautar Kaso. Sarkin lokacin, Juka Sambala Jallo, ya sayar masa da fili a kan kuɗi a dunƙule da kyautar shekara-shekara. Kafin ruwa ya janye an ɗaga bango mai kusurwa huɗu, aka ɗora igwa a kowace kusurwa, aka bar wani mutumin Saint-Louis mai suna Paul Holle ya riƙe wurin.

Sambala bai buɗe wa baƙi ƙofa don ƙaunarsu ba. Tsoro ne ya sa shi, kuma wanda yake tsoron mutum ne da Bahaushe ya san sunansa: Shehu Umaru Futi. An haife shi a Halwar ta Futa Toro a ƙarshen ƙarni na 18. Ya yi aikin hajji, a can Muhammadul Gali ya naɗa shi halifan Tijjaniyya na ƙasashen baƙar fata, ya dawo ta Borno, ya zauna a Sakkwato shekaru masu yawa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya auri 'yarsa, ya fita yaƙi tare da shi, a ƙasar kuma aka haifi ɗansa Ahmadu wanda ya gaje shi. Bayan rasuwar Bello a 1837 ne ya kama hanyar yamma, da almajirai da bayi daga ƙasar Hausa da Borno a cikin ayarinsa. A Futa Jalon ya kammala Rimah, littafin da har gobe ake karantawa a zawiyoyin Kano da Zariya. Ya kafa cibiya a Dingirai, ya ɗaura jihadi a 1852, a 1855 ya ci Nyoro, babban birnin Bambarawan Karta. Abin da ya gani a Sakkwato, na malami ya kafa daula da alƙalami da takobi, shi ya zo yi a gida.

Idan ka shimfiɗa taswira za ka ga inda matsalar take. Nyoro tana arewa maso gabas, Dingirai tana kudu, Futa Toro da take ba shi matasan mayaƙa tana yamma a kan kogi. Medine ta zauna a tsakiya. Faransawa sun hana a sayar masa da makamai, shi kuma ya ƙwace hajar fataken Saint-Louis da ke yankin. Gidan sarautar Kaso ya rabu biyu, wani ɗan'uwan Sambala ya bi Shehu, shi Sambala ya jingina da bangon Nasara. Karo ya zama dole.

Ranar 20 ga Afrilun 1857 rundunar Shehu, wadda ake ƙiyasta ta kai mutum dubu 15 ko fiye, ta auka wa garin. An zaɓi lokacin da hikima, domin kogi ya yi ƙasa, babu jirgin da zai kawo ɗauki. A cikin kagara akwai mayaƙa sittin da 'yan kai da igwa huɗu. A jikinta kuma akwai ganuwar ƙasa ta Sambala, inda dubban mutanen Kaso, maza da mata da yara, suka cunkushe. Almajiran Shehu sun zo da tsani, suka jingina da bango, har wasu suka kai sama. Na tsaya a ɗaya daga cikin kusurwoyin nan na leƙa ƙasa. Maginan sun fito da kowace kusurwa waje ta yadda igwar da ke kanta za ta share gindin bangon da ke gefenta. Duk wanda ya ɗora ƙafa a tsani yana cikin bakin wuta ta dama da hagu. Ɗaruruwa suka faɗi a ranar. Mutanen da suka ci biranen Karta da bindigar toka da ƙarfin zuciya sun gamu da abin da ba su saba da shi ba, bangon dutse da igwa a bayansa.

Sai aka koma ƙawanya. Shehu ya kafa sansani a Sabusire, mayaƙansa suka tsare hanyoyi, suka yi ƙoƙarin kama ɗan tsibirin da ke gaban kagara don su raba na ciki da ruwa, suka sake gwada hawa bango da dare. 'Yan kwanaki bayan harin farko watan Ramadan na 1273 ya kama. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai ina tsaye a wurin, rana tana dukan ƙeyata, gorar ruwa a hannuna. Azumi a Medine a ƙarshen Afrilu da Mayu, a fili, cikin warin gawa, ga masu salla a waje ga masu salla a ciki. An yi ƙaramar salla ana kallon juna ta bakin bindiga.

A ciki yunwa ta fara cin mutane. Hatsi ya ƙare, aka koma gyaɗa ɗanya domin itacen girki ma babu, cuta ta shiga tsakanin yara da tsofaffi. Wani ƙaramin jirgi mai suna Guet-Ndar ya yi ƙoƙarin hawowa da ruwan farko, ya kafe a kan duwatsu can ƙasa. Albarushi ya kusa ƙarewa ƙaf, Paul Holle yana ɓoye wa Sambala gaskiyar abin da ya rage don kada zuciyar mutane ta karye. Da ruwan sama ya yi jinkirin mako biyu ko uku a tsaunukan Futa Jalon, inda kogin yake samo asali, da labarin ya sha bamban. Amma ruwa ya sauka, kogi ya ɗaga, ranar 18 ga Yuli Faidherbe ya iso da jirgi mai tururi da mayaƙa kimanin 500, bayan an ja jirgin da igiya ta wuraren da ruwa yake da ƙarfi. Rundunar Shehu, wadda ta gaji ta kuma ragu, ta janye. An shafe kusan wata uku.

Shekaru da dama littattafan makarantar Faransa sun ba da wannan labari a matsayin jaruntakar tsirarun Turawa a gaban dubban baƙaƙe. Wanda ya ƙirga mutanen da ke ciki ya san ba haka ba ne. Turawan ba su kai goma ba. Paul Holle kansa ruwa biyu ne, haifaffen Saint-Louis. Sauran sojoji ne da matuƙan jirgi 'yan bakin kogin Senegal, sannan ga mayaƙan Kaso da suka riƙe ganuwar ƙasa, wadda ta fi kagarar faɗi da rauni. Gidan Jallo na Kaso ma asalinsu Fulani ne da suka rikiɗe suka ɗauki harshen Mande, wato jini ɗaya ne da mutanen Futa da ke hawa tsanin. Faidherbe ya san darajar abin da ya gani. Kwana uku bayan ceton Medine, ranar 21 ga Yulin 1857, Napoleon na Uku ya sa hannu a dokar da ta kafa rundunar sojojin baƙar fata da aka sani da Tirailleurs Sénégalais, wadda gwamnan ya daɗe yana nema. Da wannan runduna Faransa ta ci sauran yankunan da ta mamaye a Afirka ta Yamma.

Ba na iya kiran Sambala maci amana kai tsaye, ko da yake zuciyata tana wajen Shehu. Ya ga abin da ya sami sarakunan Karta, ya san idan ya buɗe ƙofa sarautar gidansu ta ƙare a ranar. Ya zaɓi baƙon da yake ganin ɗan kasuwa ne mai zuwa da damina ya koma da rani. Abin da bai hango ba shi ne bangon dutse ba ya komawa da rani. Kafin ƙarnin ya ƙare sarautar Kaso ta zama ta je-ka-na-yi-ka, hukunci yana hannun kwamandan Faransa.

Dattijon ya zagaya da ni ciki. Ga benen hafsoshi mai hawa biyu da aka gyara, ga rumbun albarushi mai kaurin bango, ga kurkuku mai ƙananan ɗakuna da iska ba ta shiga. A gefe akwai kabarin Marie Duranton, 'yar wani Bafaranshe da ya zauna a Kaso tun kafin a yi kagara ya auri 'yar Sarki Hawa Demba, mahaifin Sambala. Ta rasu a lokacin ƙawanyar. Akwai kuma ginin makarantar da Faransawa suke tara 'ya'yan sarakunan da suka ci, suna koya musu Faransanci, suna kuma riƙe da su jingina don iyayensu su zauna lafiya. Daga irin waɗannan makarantu tafintoci da akawunan mulkin mallaka suka fito. An sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1992, kuma tun 2009 yana jerin wuraren da Mali take neman UNESCO ta amince da su.

Wajen bango, 'yan taku kaɗan, ya nuna mini kangon kasuwar bayi. A nan na fi daɗewa. Faransa ta ce ta haramta bauta a yankunanta tun 1848, amma a Medine an ci gaba da sayar da mutane a ƙarƙashin inuwar igwarta har kusan ƙarshen ƙarnin, sai dokar hana cinikin bayi ta 1905 ta zo. Kuma wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: da yawa daga cikin waɗanda aka ɗaure a wurin nan kamammun yaƙe-yaƙen masu jihadi ne da na sarkin yaƙi Samori, ana musayarsu da dawaki da bindigogi da yadi. Wanda zai yi alfahari da tsanin 1857 sai ya yarda ya tsaya a wannan kango ma. Babu sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu da ya rage.

Can kan tudu akwai hasumiyar tsaro, daga samanta ana ganin kogi da hanyar Kayes. Mutanen gari suna cewa a nan aka ɓoye zinariyar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tushen maganar gaskiya ne: a 1940 an kwashe zinariyar babban bankin Faransa, haɗe da ta Beljiyam da Poland da aka ba shi ajiya, aka kawo Dakar ta teku, bayan harin da Ingilishi suka kai wa Dakar a watan Satumba aka turo ta Kayes ta jirgin ƙasa. Gwamnatin Faransa ta Vichy ta miƙa wa Jamus ta Beljiyam, aka ratsa da ita Sahara har Aljeriya.

Abin da ya biyo bayan 1857 shi ne ainihin nauyin wannan ƙaramin gini. Shehu Umaru ya gangara kudu ya gina tasa kagarar ta dutse a Kunjan, da hannun Samba Njai, magini da ya koyi sana'a a Saint-Louis. Ya koma Futa Toro ya kira jama'a su yi hijira su bar ƙasar da Nasara ya mamaye, dubbai suka bi shi. A 1860 aka yi fahimtar juna da Faransawa, ya juya fuskarsa gabas. Ya ci Segu a 1861, ya ci Hamdullahi ta Masina a 1862, yaƙin da ya raba kan malamai domin Musulmi ne a kowane ɓangare. Tawaye ya tashi, a 1864 ya ɓace a kogunan dutse na Degembere kusa da Banjagara. Ƙarfin da bangon Medine ya mayar baya, a kan 'yan'uwa ya sauka.

Faransawa kuwa sun zauna a kagararsu shekara ashirin suna jira. Ranar 22 ga Satumban 1878 suka fito daga Medine suka rusa Sabusire da igwa, suka kashe sarkinta Nyamodi Sisoko. Mali ta karɓi 'yanci ranar 22 ga Satumban 1960, kuma mutanen yankin ba sa raba ranakun biyu. Daga 1881 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kayes, domin gaɓarta ta fi sauƙin sauke kaya. Wannan ne ya kashe Medine: fatake suka kwashe kantunansu suka bi jirgi, a 1892 Kayes ta zama hedikwatar Sudan ta Faransa, garin da kagara ta haifa ya shanye uwarsa. Sojoji suka ci gaba: Bamako a 1883, Segu a 1890, Nyoro a 1891, Banjagara a 1893. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine, wanda aka haɗa da sojojin wannan Sudan ɗin, ya ƙetara kogin Kwara ya shiga ƙasar Hausa, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni, ragowarsa ta shiga Damagaram a ƙarshen Yuli. Shekara 44 ke nan tsakanin ranar da aka aza dutsen farko a bakin Felu da ranar da tutar ta isa Zinder.

A gaban sojojin nan akwai wani ayari da yake gudu a kan hanya guda. Ahmadu ɗan Shehu Umaru, da aka kore shi daga Segu da Nyoro da Banjagara, ya tattara iyalansa da sauran almajiran mahaifinsa ya nufi ƙasar da aka haife shi. Ya rasu a ƙasar Sakkwato kafin ƙarnin ya ƙare. Mutanensa ba su daɗe da sauke kaya ba Ingilishi suka iso daga kudu, sai suka sake ɗaura sirdi suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi yaƙi tare da shi a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903. A cikinsu akwai 'ya'ya da jikokin waɗanda suka jingina tsani da bangon Medine. Waɗanda suka tsira wasu suka wuce gabas ta Sudan, Alfa Hashim ɗan ɗan'uwan Shehu ya kai Madinar Manzon Allah ya zama malamin da alhazan ƙasar Hausa suke sauka wajensa. Wasu kuma aka ba su wurin zama a ƙasar Haɗeja, zuriyarsu tana can har yau, suna noma suna karatu, Hausa suke yi.